Kyautar Surukina a Farar Roba

Abubuwa da yawa sun faru ranar sunan 'yata ta fari, amma wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne na farar roba. Har yau in na ga irinta a kanti sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni mai kiwon murjani ne. Ba na wuyan mata ba, mai rai nake nufi, wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku kamar ƙananan rassan itace. A falona a unguwar Ka'akiyya ta Makka akwai tankin gilashi da ya kusa cinye bango guda, kuma ina alfahari da shi, ba na ɓoyewa. A garin da rana ke narka takalmi, ni na raini teku a cikin ɗaki. Da hannuna nake haɗa gishirin ruwan, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa ko muna gida ko ba ma nan, kuma wani reshe da na samo bai kai ɗan yatsa ba ya yi ta girma a hankali har ya kai faɗin faranti. (Matata ta ce ko cikinta ban riƙa dubawa yadda nake duba reshen nan ba. Ban musa ba.)

Doka ɗaya nake da ita, kuma kowa ya gaji da jin ta. Duk sabon murjani sai an yi masa wanka da magani a farar roba, sannan ya zauna shi kaɗai a wani ƙaramin tanki na wasu makonni kafin ya shiga cikin sauran. Dalili kuwa akwai wasu tsutsotsi masu faɗi, girmansu kamar ƙwayar riɗi, launinsu launin murjanin da suke ci. Ido ba ya kama su. Sai dai ka wayi gari ka ga sun cinye naman sun bar maka farin ƙashi.

Surukina Baba Harisu bai taɓa ganin amfanin wannan abu ba. Yana saurayi ya zo aikin Hajji daga Kano, ya zauna, ya tsufa yana sayar da carbi da darduma a Misfala. Kiwon duwatsu yake kiran sha'awata, kuma duk zuwansa gidana sai ya zauna ya ba tankin baya. Abin yana ci mini rai, domin mutum ne da nake so ƙwarai ya ga ni ma na iya wani abu. Tun da na auri 'yarsa, hirarmu ba ta wuce gaisuwa ba.

To ranar suna, an ci shinkafa da rago, ana zagayawa da gahawa, falo cike da dattawan dangin matata da abokan aikina na otal a Jarwal, sai Baba ya jawo wata ƙaramar kula daga gefensa. A ciki akwai leda da ruwa, a cikin ruwan wani reshen murjani kore shar. Ashe da kansa ya tafi Jidda, ya yi ta tambaya har ya gano masu sayarwa, ya riƙo kular a cinya har Makka.

"Hadiyya ce, ya waladi," in ji shi, wato kyauta ce, ɗana. "Ta jikata ce. Sa shi a ciki su girma tare."

Mai hankali zai karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce ruwan ledar yana buƙatar hutawa, ya kai shi ɗaki ya yi dokarsa bayan kowa ya watse. Ni kuwa jama'a na gani, na ga ranar nuna gwaninta ta zo. Na tashi na ɗauko robar.

Na tsaya a tsakiyar falo na buɗe darasi. Na ce a nan gidan baƙo ba ya shiga sai an bincike shi, domin na waje ba ka san abin da ya ɗauko ba. Wannan magana na yi ta ne a gaban dattawan da kusan dukansu a baƙunci suka shigo garin, wasu har yau ba su da iƙama, takardar izinin zama. Wani kawun matata ya sunkuya yana kallon cikin kofinsa. Ban lura ba, ina can ina ɗiga magani.

Na tsoma kyautar, na kaɗa ruwan, na feshe kowane lungu na reshen da sirinji. Muka jira. Ko ƙura ba ta faɗo ba.

"Tayyib," in ji Baba. "Ya ci jarrabawar?"

Aka ɗan yi dariya. A nan ya kamata in tsaya, amma sai a lokacin na ga fuskokin mutane, na gane na yi ɓarna, na ce bari in gyara. Na ce don kada Baba ya ga kamar nasa na raina, zan yi wa nawa ma, kowa ya ga yadda tsabtar na gida take. Na naɗe hannun riga, na ɓalle reshe daga babban murjanin nan mai faɗin faranti, na tsoma shi a robar.

Kafin in ɗauki sirinji sun fara zubowa. Kamar an kaɗe riɗi daga tire, suna mutsu-mutsu a ƙasan roba. (Ni na zaɓi fara tun farko, wai don kada komai ya ɓuya. Babu kuwa abin da ya ɓuya.) Nan take na tuna da wasu fararen tabo a gindin rassan da na daɗe ina ɗora wa hasken fitila laifinsu, na kuma tuna wani ɗan reshe da aminina ya ba ni, wanda na jefa kai tsaye don na gida ne.

Baba ya ciro tabarau, ya matso. Karo na farko ke nan da ya dubi wani abu nawa da kyau. Ya daɗe yana kallon tsutsotsin, sannan ya ɗago.

"Su waɗannan, a nan aka haife su ko?"

Falon ya kwashe, har kawun nan ya ƙware da gahawa. Ni, ɗan haihuwar Makka, ina tsaye ruwa na ɗiga daga gwiwar hannuna, kunya ta rufe ni, ga tsoro, domin na san aikin shekaru ne ake cinyewa a gabana.

Makonnin da suka biyo baya na sha wuya. Na riƙa fito da rassan ɗaya bayan ɗaya ina yi musu wanka, ina kankare ƙwan tsutsotsin da buroshin goge baki. Na rasa wasu, amma na ceci babban, kuma wannan ina faɗarsa da ƙarfi. Kyautar Baba tana ƙaramin tanki lafiya lau. Dokata ta yi aiki, sai dai daga gare ni ta kare baƙon.

Baba ya fara biyowa bayan sallar Juma'a, wai ya zo duba baƙonsa. Daga dubawa ya koma riƙe mini roba, daga nan sai hira. Yanzu 'yata tana gudu da ƙafarta, koren reshen ya fi tafin hannunta faɗi, shi kuma Baba tankin yake fuskanta in ya zauna. In ya zo da aboki yakan nuna masa ya ce surukinsa ne ya raini wannan, hannunsa yana da albarka. Sai in ji kaina ya kumbura, har zuwa lokacin da zai gyara zama ya ce bari ya ba shi labarin roba.

Dokar tana nan ban soke ta ba. Abin da na ƙara kawai shi ne, yanzu na gida nake fara tsomawa, kuma sai na rufe ƙofa.