Kwamanda Prokop da Akurkin Gwaggo Halyna

In ana lissafa manyan mutanen garin Dunreath, nan lardin Saskatchewan, dole a fara da Wendell Prokop, in kuma an manta shi da kansa zai tuna wa jama'a. Shi ne Shugaban Ƙungiyar Adana Tarihin Filin Jirgi. Shi ya kafa ta, shi ya tsaya takara ba abokin hamayya, shi ya fara taya kansa murna. Mutanen gari suna kiransa Kwamanda don tsokana, shi kuwa sai ya ƙame ya amsa. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar raba wasiƙu. Jirgin sama sau ɗaya ya taɓa shiga, zuwa birnin Winnipeg, kansa na cikin jakar amai har aka sauka. Na san wannan sarai, domin ni ne shi. Amma zan ci gaba da cewa "shi", abin ya fi sauƙin haɗiyewa a haka.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a filin nan namu ake koya wa samari tuƙin jirgi kafin a tura su ƙetare. Yanzu ciyawa ta cinye titin jiragen, saura rumfar jirage guda ɗaya, inda ƙungiya ta baje kayan tarihinta: hula biyu, cokula shida, da hoton Kwamanda mai tsawon ƙofa. Jirgi ne kawai babu. Sai majalisar gari ta ce jami'ar hukumar tarihi za ta zo dubawa, in ba ta ga abin adanawa ba, za a ba manoma rumfar su zuba alkama.

"Alkama!" in ji Kwamanda a taron ƙungiya, mutum biyar na sauraro, ɗaya na gyangyaɗi. "A inda jarumai suka taka? Sai dai a zuba ta a kan gawata!"

Jirgi kuwa akwai shi, a gonar yayar mahaifin Kwamanda, Gwaggo Halyna, mai shekara casa'in. Bayan yaƙi an yi gwanjon jiragen koyo, manoma suka yi ta saye saboda tayoyi da ƙarfe. Babanta ya sayi ɗaya, ya sare fukafukan da gatari don ya wuce ƙofar shinge, ya jawo shi gida da tarakta. Tun ranar kaji ke kwana a ciki. Kwamanda da ya girma yana toshe hanci in ya wuce wurin, yau sai ga shi ya cire hula a gaban akurki.

"Ɗauka," in ji Gwaggo. "Amma zauna tukuna in gaya maka abin da ke cikinsa."

"Gwaggo, littafi goma sha huɗu na karanta a kan irin jirgin nan. Ke dai ji da kajinki."

Ta dube shi, ta ƙara masa miyar kabeji.

Aka ja jirgi zuwa rumfa, aka shiga gyara. Wata uku cur ƙungiya ta yi tana rigima a kan wane irin kore aka shafa wa cikin jirgi a 1943, har mutum biyu suka daina gaisawa a coci. Kwamanda ya yi nasara, kamar kullum, don ya fi kowa juriyar surutu. Wurin kankare kashin kaji aka ci karo da abu biyu a bango. Kusa da ƙofa, zane-zane ne da ƙusa, layi biyar-biyar, har ɗari huɗu da sha biyu. Bayan kujerar matuƙi kuma, wani jagwalgwalon rubutu da fensir, duk ya dushe.

Kwamanda ya dafa ƙirji. "Kowane layi a nan farmaki ne a kan abokan gaba."

"Kwamanda," in ji Lorne Thiessen, tsohon mai walda, "jirgin koyo ne fa. Ko Manitoba, lardin da ke maƙwabtaka da mu, bai taɓa leƙawa ba."

"Lorne, walda ka sani. Bar tarihi ga masu shi."

Aka sa wa zanen ƙusa gilashi da fitila. Rubutun fensir kuwa Kwamanda ya ce ɓarnar yaran gona ce, ya ɗauki buroshi da hannunsa mai albarka ya binne shi da kore.

Ranar dubawa gari ya cika rumfa, mata sun kawo kofi da kek. Jami'ar, Dakta Marchand, ta zauna a gaba da littafinta. Kwamanda ya fito cikin kakin sojan sama da ya saya a gwanjo, maɓallan ciki suna neman agaji. Ya yi minti arba'in yana jawabi kafin ya nuna gilashin.

"Sau ɗari huɗu da sha biyu, jama'a, wannan tsuntsu ya fuskanci mutuwa!"

"Ƙwai ne, Wendell," in ji Gwaggo daga keken guragunta.

"Na'am, Gwaggo?"

"Ƙwai ne, ɗan nan. Ni na zana su, shekarar da muka fara zuba kaji. Ku matsar da ni kusa in ga bayan kujera."

Dariya ta ɓarke, har Lorne ya ƙware da kofi. Aka tura ta bakin ƙofar jirgin, ta leƙa, ta daɗe tana kallon bangon nan kore sumul. Dariyar ta mutu da kanta.

"Ina sunayen?" in ji Gwaggo.

Ta juya ga Dakta Marchand ta ce samarin da suka gama koyo sukan rubuta sunansu da garinsu a wurin kafin su tafi, sun kai talatin. Na uku daga sama Alastair Rennie ne, ɗan New Zealand, wanda take rawa da shi duk Asabar, ya tafi bai dawo ba. "Shi ya sa shekara saba'in ban bar kowa ya sayar da akurkin nan ba. Kullum na je ɗiban ƙwai sai na gaishe shi."

Dakta Marchand ta rufe littafinta a hankali. "Sunaye talatin da hannun masu su. Wannan kaɗai da ya ishe ku riƙe rumfar nan. Shafe nawa ka yi masa, Mista Prokop?"

"Uku," in ji Kwamanda. Sannan, Allah ya yafe masa, ya ƙara da cewa, "Amma ainihin koren ne."

Rumfa yanzu cike take da alkama, ba a kuma buƙaci gawar kowa ba. Jirgi ya koma gona, kajin Gwaggo sun zama masu akurki mafi kyan fenti a duk lardin. A nan zan daina cewa "shi", don kunyar tawa ce, kuma har yau ba ta sake ni ba. Kowace safiya nakan durƙusa bayan kujerar nan da reza, ina ɗaye kore a hankali yadda Dakta ta nuna mini, kaji na tsallake ƙafafuna. A mako shida na tono harafi biyu na sunan Alastair. Gwaggo na zaune a bakin ƙofa da bargo, tana jiran na uku.

"Kwamanda," takan ce in rana ta ɗaga, "kwashe ƙwan, ka zana a bango."

Yau na zana bakwai.