Ranar Yaye Masu Gyaran Janareto

Wani abokina mai ɗaukar hoto ne ya ba ni labarin nan, ya ce a gabansa aka yi. An gayyace shi aiki a wata cibiyar koyar da sana'o'i da aka gina a garinsu, ranar da za a yaye ɗalibai ɗari da ashirin da suka yi mako shida suna koyon gyaran janareto. Babban baƙo shi ne wani darakta daga babban birni, Dakta Maikano, wanda aka ce shi ya rubuta tsarin horas da matasa miliyan biyar a faɗin ƙasa. Kafin ya rubuta ɗin sai da ya je Indiya, ya je Sin, ya je Brazil, duk don ya ga yadda suke yi. An kafa rumfuna, 'yan talabijin sun jera kyamarori, ɗalibai sun sha sababbin kayan aiki shuɗɗa da hular kwano, ko ɗigon baƙin mai babu a jikin kowa. Da yake babu wuta a unguwar, sai aka ɗauko hayar janareto don lasifika da fankoki.

Dakta ya hau mumbari ya fara. Ya kawo Indiya, ya kawo Sin, yana cikin bayanin yadda nan da shekara goma ƙasashen waje za su riƙa layi suna roƙon mu ara musu ƙwararru, sai janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Fankoki suka tsaya. Shugaban cibiyar, Malam Shitu, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Shi kuwa Dakta ko a jikinsa. Ya yi murmushi, ya ɗaga murya ya ce Allah ne ya kawo wannan dama, yau duniya za ta gani da idonta. Ya umarci 'yan talabijin su juya kyamara, ya ce ɗalibai su tashi su nuna abin da suka koya.

Suka tashi suka kewaye injin. Wani ya ce a bari ya huce. Wani ya shiga jero sunayen sassan inji da Turanci, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka nemi sifana, babu. A nan ne Malam Shitu ya raɗa wa Dakta cewa a allo aka yi karatun, don janareton koyarwar yana sito cikin ledarsa, ba a buɗe ba tunda ba a riga an ƙaddamar da shi ba. Rana ta take, manyan baƙi suka koma fifita da takardar jadawalin taro, Dakta kuma gumi ya fara jiƙa masa wuyan babbar riga.

Da abin ya kai rabin awa, maigadin cibiyar ya tsallaka titi ya kira Malam Ilu, wani dattijo mai rumfar gyaran inji a gindin darbejiya. Ya zo da silifas da tsumma a kafaɗa, bai kalli rumfar manya ba. Ya ja igiya sau ɗaya ya kasa kunne, ya kwance fulogi ya goge, ya zuƙo man da ke cikin tanki ya tofar, ya ce an haɗa shi da ruwa, ya sa aka canza. Kafin minti goma inji ya tashi, fankoki suka juya, jama'a suka ɗau tafi.

Tafin nan bai yi wa Dakta daɗi ba. Ya sa aka kawo Malam Ilu gaban mumbari, ya miƙa masa lasifika ya tambaye shi wace makaranta ya yi. Ya ce shi dai a garejin kawunsa ya tashi, shekararsa talatin da huɗu yana wannan aiki. Takardar shaida fa? Ya ce babu.

Dakta ya juya ga kyamara yana kaɗa kai. Ya ce jama'a su duba da kyau, wannan ita ce matsalar ƙasar nan. A lissafin hukuma, wannan bawan Allah yana cikin marasa ƙwarewa, irin waɗanda ke ja mana baya a idon duniya. Amma gwamnati ba za ta yar da shi ba.

"Baba, na ba ka gurbi kyauta a zango mai zuwa," in ji shi. "Mako shida kacal, ka zauna a aji a koya maka aikin nan yadda ya kamata, mu yaye ka kamar waɗannan."

Malam Ilu ya goge hannunsa da tsumma, ya dubi ɗaliban, ya dubi injin.

"Na gode, ranka ya daɗe. To amma in na zama kamar su, ranar da za a yaye ni wa zai tayar muku da janareto?"