Faifai Shida, Wurin Biyu

"Lafiya ƙalau na tashi, Amarya, in ban da takaicin ɓarauniyar da na aura."

"To ka sake ni mana, Ango. Mu ga wadda za ta kwashi tsoho mai haƙori huɗu."

"Biyar ne. Ko a ƙirge sai kin ci ɗaya."

Tsohon mai hoto ya zauna a ɗakin bayan shagonsa, ya ɗora wani kwali a cinya. A nan yake wanke hotuna a da. Yanzu na'urori uku ne jere a kan kanta, jikarsa injiniya, wadda yake tsokana da Amarya, ta haɗa su da waya, tana kwashe masa aikin shekara arba'in kafin danshi ya gama cinye fim ɗin. Kwali ɗaya ya rage, jiya kuma ta ce wuri ya cika. Bai gaya mata abin da ke ciki ba. Shi da ya ce tuni ya gama kukan kakarta, ina zai iya?

"Faifan ajiya shida na saya da hannuna," in ji shi. "Kika ce wurin biyu kawai muke da shi. Ina huɗun? Kin kai gidanku?"

"Suna nan a gabanka. Kowane hoto kwafi uku na yi masa, ɗaya a kowace na'ura. Ko biyu sun mutu, hotonka na nan."

"Sau uku! Ni da na ɗauki rabin garin nan, sau ɗaya nake danna wa mutum ya tafi."

"Shi ya sa rabin garin suka fito ido a rufe."

"Barcinsu ne, ba aikina ba. Ki bar kwafi ɗaya, mu samu wurin shida."

"Ranar da faifai ɗaya ya mutu, abin da ke kansa ya tafi har abada. Sai ka zo kana jiƙa min mayafi da hawaye."

"Biyu fa?"

"Biyu za su ba mu wurin uku. Amma in na'ura ɗaya ta tsaya, sai mu riƙe numfashi har a gyara ta. Me ke cikin kwalin nan da ka rungume kamar jariri?"

"Hotunan 'yan matana ne. Kishi zai kashe ki."

"Ai na ga rubutun Kaka a gefensa," ta ce, idonta a kan allo.

Ya juya gefen ya koma cikinsa. Don ya ɓoye fuska sai ya matso da tabarau kusa da allon, kamar mai fahimta. Nan ya ga wani dogon layi ja da ya fi sauran.

"Wannan ƙaton fa? Me ya ci wuri haka?"

"Kayan aikina ne."

"An rubuta Rediyo. Yaushe kika buɗe gidan rediyo a shagona?"

Ta kai hannu, amma yatsan da ya yi shekara arba'in yana riga ƙiftawar ido ya riga ta dannawa. Sai ga shi a allo, zaune a wannan kujera, yana ba da labarin ranar da akuya ta cinye masa labulen bango. Na gaba kuma shi ne, yana gyangyaɗi. Bidiyo sun fi ɗari. Na farko ya faɗo a makon da aka sallamo shi daga asibiti. Ya tuna yadda tun lokacin take jingine wayarta a jikin kofin shayi, tana cewa caji take yi.

Fankokin na'urorin suka yi ta hurawa.

"Shaida nake tarawa," ta ce, murya ƙasa. "In mun je gaban alƙali ya ji irin surutun da nake haƙuri da shi."

"Har kwafi uku?"

"Kai ne faifan da ya fi tsufa a ɗakin nan, kuma ba ka da na biyu."

Ya yi tari, ya gyara hula, ya sake yin tari.

"Goge ni ki sa kakarki. Ni ai ga ni zaune."

"Ba zan goge ba. Sai dai ka kai ƙara."

Ya dubi kwalin, ya dubi jan layin. Can ya ce, "Hotunan mutane fa? Na ɗaurin aure, na suna, na katin shaida. Ai kowa na da nasa rataye a bango."

Ta juyo. "Ka ga na ukun yana gidajensu ke nan. In na mayar da su kwafi biyu, wuri zai buɗe."

"Ita uku?"

"Ita uku, kai uku. Ashe akwai sauran ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin hular nan."

Ya miƙa mata kwalin da hannu biyu. Sannan ya tashi a hankali, ya laluba bayan ƙofa, ya jawo tsohuwar ƙafar kyamararsa, wadda ko uban yarinyar bai taɓa bari ya taɓa ba. Ya buɗe ƙafafun uku ya kafa ta a gabanta, yana dariya.

"Kin ci, Amarya. Amma daga yau ki ɗora wayar a nan. Bidiyo ɗari, duk ramin hancina kika ɗauka."

"Da me zan ɗauka? Haƙoran?"

Ya koma kujerarsa, ya ba ta gefen dama, ya ɗaga haɓa. "Danna. Ban taɓa gaya miki yadda na fara ganin kakarki ba."