Ranar da Na Sa Aka Ɓalla Ƙofar Oga Obadiya

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta da Asabar ɗin da na tara wa bawan Allah 'yan sa-kai a ƙofar gida ba.

Oga Obadiya ɗan kabilar Ibo ne, sabon zuwa Batsari, yana da kemis kusa da tasha. Bayahude ne, amma ba ya yawo da zancen. Yana da 'yan uwa a addini a warwatse, Abuja, Aba, Fatakwal, suna karatun Attaura a wani zaure na Wasaf da ya mutu murus. Ni kuwa na cika masa baki cewa ko gawa na saka a guruf sai ta yi magana (sana'ata fa cajin waya ce). Ya ba ni admin, ya ce in jawo masa mutane su riƙa halartar darasi.

Na dage. Hotuna, tunatarwa, gaisuwar safe. Kafin Juma'a guruf ya cika, har tsofaffi na turo murya. Sai na yi gaban kaina na sa babban darasi ran Asabar da hantsi, tunda kowa na hutu.

Juma'a, ana gab da kiran magariba, ina kallon waya, sai mutane suka fara ɓacewa. Ɗaya bayan ɗaya, kamar ana hure fitila. Wata mata ta fara rubutu, ta tsaya, shi ke nan. Na tura saƙo, bai shiga ba. Na kira Oga, a kashe. Na kira na Aba, na kira na Abuja, duk a kashe. Jama'a guda, gari daban-daban, lokaci ɗaya.

Ku da kuka san yankinmu kun san abin da wayar mutum a kashe ke nufi. Da safe na tarar da kemis a garƙame. Wani mai acaɓa ya ce an ga baƙin babura ta wajen ƙauyen Ruma. Nan take na rubuta a guruf: “An ɗauke Oga, a taya mu da addu'a.” Na ruga na kira Baba Ilu, shugaban 'yan sa-kai, tsoho mai bindigar toka da ƙarancin haƙuri.

Ya tara yaransa, muka nufi gidan Oga. Gidan tsit, ga babur ɗinsa a jingine. Sai wani gunji-gunji daga ɗaki, ƙasa-ƙasa, da yaren da ban taɓa ji ba. Muka yi sallama, muka buga, ba amsa. Na leƙa ta taga. Wani abu ne tsaye, lulluɓe da farin mayafi tun daga kai, ya ba mu baya, yana rangaji gaba da baya. Gefe ga guntayen kyandir da suka narke.

“Baba, sun kashe shi,” na ce. “Ga shi can a likkafani.”

“Gawa a tsaye, ɗan nan?”

Ya sa kafaɗa, ƙofa ta faɗi. Ni ina bayan kowa, riƙe da rigar wani (don kada ya gudu, ba don komai ba).

Farin abin bai waiwayo ba sai da ya kammala. Sannan ya yaye mayafi, ga Oga Obadiya da ƙoshin lafiyarsa, yana duban ƙofarsa a ƙasa.

“Lafiya, Baba?”

Baba Ilu ya sauke bindiga, ya dube ni. “Ibada mutum yake, shashasha. Kai in kana salla amsa sallama kake?”

Oga ya zaunar da mu ya yi bayani. Daga faɗuwar ranar Juma'a har taurarin Asabar su fito, ba waya, ba ciniki, ba aiki. Ko ƙofar ma ba zai gyara ba sai dare. Haka ya wuni gida a buɗe, rabin gari na zuwa kallon wanda aka sace.

Na goge saƙon, amma wasu da ba su cika kiyaye ranar ba sun riga sun yaɗa shi. Da aka kunna wayoyi, matarsa ce ta fara kira daga Aba, tana kuka, har ta sayi tikitin mota.

Oga bai zage ni ba. Cewa ya yi, “Abokina, ka iya jawo mutane. Har da masu bindiga.” Washegari ya cire ni daga admin.

Yanzu in mutum ya ba ni aiki, kafin in tambayi me zan yi, sai na fara tambayar wace rana ce ba a yi.