Fuskar Alhaji Datti Ba Ta Taɓa Ƙasa

Duk garin da ba shi da irin Alhaji Datti abin tausayi ne. Mu a Masanawa Allah ya ba mu shi, guda ɗaya tak, ya kuma ishe mu har da gyara. Dillalin taki ne, amma wannan ƙaramar sana'arsa ce. Babban aikinsa shi ne kafa abin da aka riga aka kafa. Rijiyar bakin kasuwa ta girme shi da shekara arba'in, amma zauna kusa da shi ka ji ranar da ya nuna inda za a haƙa. Shi ya sa mata ke kiransa Alhaji Da-Ni-Aka-Yi. A gaban idonsa kuwa Garkuwa ake cewa, sarautar da ya naɗa wa kansa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Cikin abubuwan da ya kafa har da ƙungiyar zari-ruga ta garinmu, Bajiman Masanawa.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallo ce mai siffar gwanda, ƙarti goma sha biyar nan, goma sha biyar can. Ka rungume ta ka ruga, a biyo ka a kayar, ka miƙa wa na bayanka. In ka kai ƙarshen fili ka kife da ita a ƙasa, shi ne ci. Wasa ne da ba ya yiwuwa sai da birgima. Wani malami ɗan bautar ƙasa ne ya zo da ita shekara goma sha biyu da suka wuce, ya tara 'yan dako da samarin da suka saba kayar da sa in za a yi masa allura. Da shekararsa ta cika ya bar ƙwallon a hannun Malam Hadi tela, wanda har yau shi ke koyar da su.

Wuya kam sun sha ta. Shekarar farko ba wanda bai lallasa su ba. Ƙaya ta yi ta huda ƙwallon, baduku ya yi ta faci har ta koma kamar tsohuwar salka. Gara ta cinye turakun da suka kafa. Da rani rabinsu su tafi neman kuɗi kudu, a cike gurbi da duk wanda aka tarar a teburin mai shayi. A wannan lokaci ma Alhaji ya taimaka matuƙa. Shi ne ya kore su daga fegin bayan shagonsa, ya ce ba za a yi masa wasan mahaukata kusa da taki ba. Ba don korar nan ba, da ba su sami filin makarantar firamare ba. Kun ga ai da shi aka yi.

Sai bara suka je Kano suka kayar da 'yan wata kwaleji, aka ambace su a rediyo. Mai labarai bai rufe baki ba Alhaji ya tuna ashe shi ya kafa su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bana sai ga takarda daga hukumar wasanni ta jiha. Bajimai za su kara da 'yan Sabon Birni na ƙasar Gwarzo, a filinmu. Wanda ya ci ya shiga gasar jiha, wanda ya faɗi a soke sunansa daga jeri. Tasi'u, kyaftin ɗinsu, ya faɗa a fili cewa in aka soke su shi kam ya haƙura, Legas zai tafi, kuma kowa ya san in Tasi'u ya tafi ƙungiya ta watse. Takardar ta ce dole kowa ya sa riga iri ɗaya mai lamba, su kuwa rigunansu kowacce da uwarta da ubanta. Ta kuma ce wani babba daga Kano, Malam Zainulabidin, zai zo ya gani da idonsa.

Kalmar "babba" kaɗai Alhaji ya ji. Nan take tausayin yaran ya kama shi.

Kwana uku sai ga riguna daga Kano, farare sol kamar ƙwaryar amarya. A ƙirjin kowacce ga hoton Alhaji, faɗin faifai. Don tawali'u bai sa hotonsa na yanzu ba, mai tumbi kamar rumbu da furfura har gira. Ya sa na fasfon hajjinsa na farko, shekara talatin baya, siriri, gemu baƙi wuluk, ido a lumshe kamar wanda bai taɓa cika buhun taki da yashi ba.

Ya tara su a ƙofar shago, ya hau benci, benci ya yi kuka.

"Ni Alhaji Datti, Garkuwa, Uban Ƙungiya, Jagoran Masu Taki na wannan shiyya, na tufatar da ku. Amma ku dubi ƙirjinku. Fuskar nan ta shiga jirgi sau uku. Ta gaisa da manya. Ba ta taɓa taɓa ƙasa ba sai a sujada. Duk wanda ya bari ta taɓa ƙasa, ya tuɓe min rigata ya koma gida da singileti."

Malam Hadi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wasan da faɗuwa ake yinsa."

"Malam Hadi, ɗinki na tambaye ka? Ni da na kafa wasa za ka koya wa faɗuwa? In ta kama, a faɗi ta baya."

Mai riga shi ke da doka. Suka karɓi riguna.

Ranar wasa aka wayi gari da ruwan ƙarshen damina, fili ya zama kunu, ga shanun da suka ratsa da safe sun bar nasu gudummawar. Baƙo ya iso aka ba shi kujera. Alhaji ya ƙi zuwa gaishe shi. Ya ce babba ba ya gabatar da kansa, a bar baƙon ya ga fuska goma sha biyar tukuna, shi da kansa zai taso yana tambayar ina mai ita. Ya kafa kujerarsa can ɗaya gefen, ya baza babbar riga, yana jira a gano shi.

Aka hura usur. Wayyo, Bajimai! Ƙartin da ke kayar da sa suka koma 'yan matan amarya masu ɗauke da kayan tangaran. Kowa hannu ɗaya a ƙirji yana kare Alhaji. In ɗan Sabon Birni ya taho da gudu, maimakon a rungume ƙafarsa, sai a kauce masa da ladabi. Wanda aka ture ya juya a sama kamar waina don ya sauka ta baya. Sau ɗaya Tasi'u ya ratsa su duka ya kai bakin layi. Da zai kife da ƙwallo sai ya tuna, ya tsaya, ya fara durƙusawa a hankali kamar mai sauke ƙwaryar nono. Kafin gwiwarsa ta kai, wani ƙato ya kwashe shi ya zubar cikin 'yan kallo. Har aka tafi hutu an ci mu sau uku, mu ko ƙamshi.

Alhaji ya taso yana tafi.

"Madalla! Haka nake so. Dubi yaran can, kamar an tono su daga kududdufi. Ku kuwa tsaf. Ko an ci ku, da tsabta aka ci ku. Baƙon nan na lura idonsa bai bar ƙirjinku ba."

Ana ga yaƙi, shi yana ga ƙura. Sai Zubaidatu, uwar Tasi'u, ta ajiye farantin gyaɗarta ta leƙo ta kan igiya.

"Kai Tasi'u! Gadin hoto na haife ka? Ubanka rijiya yake shiga, bai taɓa tsoron laka ba. In riga ce, ni zan wanke. Wuce ka faɗi, ɗan nema!"

Tasi'u ya dubi uwarsa, ya dubi ƙirjinsa. Ya ce wa 'yan'uwansa, "Alƙalin wasa ya riga ya ga riguna. Wanda zai tuɓe mu ya shigo fili ya tuɓe."

Abin da ya biyo baya, sai wanda ya gani. Fuskar da ta shiga jirgi sau uku ta shiga laka sau ɗari. Aka ja ta, aka taka ta, aka yi noma da ita. Duk faɗuwar da aka yi sai Alhaji ya zabura ya dafe wuri. "Wayyo hancina! Kai, gemuna ne nan! Alƙali, ka tsayar, ana cin mutuncin Garkuwa!" Ba wanda ya ji shi, gari ya ɗauki ihu. Bajimai suka rama ɗaya, suka rama biyu, suka rama uku. Ana gab da tashi Tasi'u ya yi sufa da ƙirji, ya share taku biyar a kan Alhaji, ya dire ƙwallo bayan layi. Usur ya tashi. Masanawa ta shiga gasar jiha.

Aka taru a tsakiyar fili. Alhaji ya haɗiye fushinsa, ya kutsa ya tsaya daf da kafaɗar baƙo, ya gyara hula, ya juya masa gefen fuskar da ya fi kama da hoton. Malam Zainulabidin ya karɓi lasifika.

"Na taya ku murna. Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda kuka yi ta kare hoton bawan Allahn nan da farko, har kuka yarda a ci ku saboda shi. Ba a yi wa mai rai haka. Daga gani saurayi ne, ya tafi da ƙuruciyarsa. Jama'a, mu yi wa marigayin addu'a."

Ya ɗaga hannu. Gari duka ya ɗaga hannu. Wa zai katse addu'a? Malam Hadi ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, baƙo ya ɗauka kuka ne ya dafa shi. Aka roƙa wa Alhaji sauƙin kabari da gafarar abin da ya ci na mutane, sani da rashin sani, amin ɗin manoma ta fi ta kowa ƙarfi. Baƙo ya lura dattijon da ke gefensa bai ɗaga hannu ba, ya taɓa shi da gwiwar hannu. "Baba, ba ka san mamacin ba ne?"

Alhaji ya ɗaga. Ya shafa.

Washegari mata suka yi ta shiga gidansa yi wa Uwaliya matarsa gaisuwa, tana amsawa da "Allah ya ba da lada" tana raba musu goro. Shi kuwa yana ƙofar shago yana huci. Kashe shi da aka yi bai dame shi ba. Abin da ya ƙona masa rai, a cewarsa, mutum kamarsa a yi masa addu'a tsaye-tsaye cikin laka, ko sarautarsa ɗaya ba a ambata ba.