Alfred Mai Littafi Biyu

"Ni fa, ko Bature bai isa ya koya mini lissafi ba!"

Haka Alfred yake cika baki kullum a ƙofar shagonsa, yana goge jan babur ɗinsa da hankici. To aboki, ka san aikin da ya yi shekara goma sha biyu a baitulmali? Masinja! Ya ɗauki fayil, ya dafa shayi. Amma da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo, sai gogan naka ya ajiye aiki, ya sayi babur, ya buɗe tireda kusa da kasuwar Gombe, ya raɗa wa kansa suna Babban Akawu.

Matarsa Selina ta ce, "Baban Mary, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Kuma ka daina cefane da kuɗin shago."

"Ke dai yi ta ɗinkinki. Wannan ai lissafin 'yan firamare ne!"

Nasa na manya kuwa ga shi: littafi biyu ya tanada. Ɗaya na banki, don a ba shi rance, ya zuba ribar da ko mai sayar da siminti bai taɓa mafarkinta ba. Ɗaya na masu haraji, asara tun daga bango har bango, ka karanta ka yi hawaye.

Ran nan da hantsi baƙi biyu suka iso kusan tare. Ɗaya a sabuwar Fijo, da kwat da laktaye. Ɗayan a kan tsohon keke, gumi sharkaf.

Mai kwat ya ce, "Sunana Hamman, daga ofishin..."

"Kada ka ƙarasa, yallaɓai! Ni da na tsufa a harkar kuɗi, daga nesa nake gane mutum." Ya danƙa masa littafin riba, har da lemo mai sanyi. Mai keke kuwa ko kujera bai samu ba, aka cilla masa littafin asara.

Bawan Allah ya manta Udojin da ta saya masa babur ita ta saya wa ma'aikatan haraji mota.

Mai keke ya duba shafi uku, ya girgiza kai. "Ni Elias ne daga banki. Malam, rance bai kamace ka ba, addu'a kake bukata." Ya hau kekensa.

Hamman ya kurɓi lemo. "Madalla da ɗan kasuwa mai gaskiya. Harajinka naira ɗari uku."

Wayyo! Kuɗin babur ke nan cif. Alfred ya zabura.

"Yallaɓai, wallahi littafin nan ƙarya ne!"

"To mu je kotu. Ko kuwa ka kawo na gaskiya yanzu, in ba haka ba yau babur zai kwana a ofishinmu."

Na gaskiya? Ina! Babban Akawu ya fara in'ina, maƙwabta sun taru. Sai ga Selina ta ciro tsohuwar kalandar coci daga bango, ta juya bayanta. Ashe tun ranar farko take rubuta komai da fensir, har da abin da aka ɗauka ba a biya ba.

Hamman ya ɗaga murya yana karantawa. "Litinin, sardin biyu, Alfred. Talata, madara gwangwani uku, Alfred. Laraba, man babur, Alfred. Alhamis, biskit katan guda..."

Jama'a suka amsa baki ɗaya: "Alfred!"

Hamman ya share hawayen dariya, ya buga lissafi. "Riba kaɗan ce. Naira huɗu za a biya. Babur ya tsira."

Nan da nan Alfred ya gyara hula, ya bugi ƙirji. "Kun gani? Dama ni na tsara haka!"

Hamman bai ko kalle shi ba. Ya miƙa wa Selina rasit da hannu biyu, ya ce, "Ga shi, Babban Akawu. Shagonki lafiyarsa ƙalau. Ɓeran nan mai babur kawai za ki ɗana wa tarko."