Ƙugiyar Da Na Saka Wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙugiya ɗaya tak ta kusa raba ni da Ladi. Lokacin ina aiki a wani ɗan shagon buga katin biki a Rikoto, ina kuma neman aurenta. Da bikin yayarta ya matso, sai na bugi ƙirji na ce ni zan tsara takardar shirin biki, don mahaifinta ya san ba zaman banza nake yi ba. Shi ne Sarkin Fada a garinsu, can wajen Manga, mutum ne mai saurin hawa kamar farashi.

Matsalar ita ce manhajar da muke tsara shafi da ita ba ta san Hausa ba. Duk kalmar da na rubuta sai ta ja mata jan layi, daidai ce ko kuskure. Haruffa masu ƙugiya kuwa babu su a allon rubutu, sai na kwafo su daga wata tsohuwar takarda ina liƙawa ɗaya bayan ɗaya. (Ni kuma yaren C'lela na sha a nono, Hausa a kasuwa na tsince ta, har yau kunnena bai gama rabe "da" da "ɗa" ba.)

Da na zo kan sarautar Baba sai na tsaya. Da ƙugiya ne ko babu? Manhaja ta ja jan layi a duka biyun. Na yi tunani, na ce babban mutum kamar wannan ai bai kamata a bar shi fayau ba. Na liƙa masa ƙugiya, na ƙara girman rubutun.

Ranar biki, bayan an fito daga coci, mai gabatarwa ya ɗaga takardata ya karanta da ƙarfi: "Uban amarya, Sarkin Faɗa!"

Nan take dariya ta ɓarke. Ni ban gane komai ba, na ɗauka murna ce, har na miƙe ina tafi. Ladi tana ta hararata, ni kuma ina ɗaga mata hannu.

Baba ya tashi yana huci. "Wa ya buga wagga takarda? Ni ne mai faɗa? Da wa na taɓa faɗa a garin nan?" Yana faɗi yana dukan tebur, mutane na ƙara tuntsirewa.

"Ni ne, Baba," na ce. "Kwamfuta ce ba ta..."

"Kwamfuta ce ke neman ɗiyata ko kai?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Sai da kawuna ya yi sawu uku zuwa Manga kafin a bar ni na sake taka ƙofar gidan.

Daga baya na riƙa cewa da masu manhajar nan za su ji kukanmu, su sa mata ƙamus na Hausa da haruffanmu, da ban shiga uku ba. Ladi, wadda yanzu matata ce, ta ce ko an sa ba zai cece ni ba, tunda fada da faɗa duk kalmomi ne. Don haka gyaran da nake roƙo yanzu ɗaya ne: kafin a buga komai, manhaja ta tsaya ta ce, "Ka nuna wa Ladi?"